Titoniya, Doguwar Shuka Mai Fure Ruwan Ɗorawa: Tambayoyi da Amsoshi Ga Masu Dasa Ta a Zariya

Duk shekara idan kaka ta yi, shingen bayan gidanmu a Samarun Zariya ya lulluɓe da fure ruwan ɗorawa, sai masu wucewa su riƙa tsayawa suna sallama. Wani reshe yake roƙo, wani iri, wani kuma so yake kawai ya ji sunanta. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne, daga malaman makaranta har matan gida masu ɗan lambu a tsakar gida. Shi ya sa na tattara su a nan, na fara da na sabon shiga, na gangara zuwa na wanda ya riga ya yi shekara yana fama da ita.

Wace shuka ce wannan, kuma daga ina ta zo?

Masana tsirrai suna kiran ta Tithonia diversifolia, mu kuma muka sauƙaƙa wa bakinmu muna cewa titoniya. Asalinta daga Meziko ne da ƙasashen Amurka ta Tsakiya. Don ado aka fara yawo da ita ƙasa-ƙasa, daga baya ta fita daga lambuna ta bazu a ƙasashe masu zafi na Afirka da Asiya. Wanda ya taɓa bin hanyar Ibadan ko Ilori a ƙarshen damina ya gan ta jere a bakin titi, Yarabawa suna ce mata sepeleba.

Tsawonta yakan kai mita 2 zuwa 3, idan ta sami wuri mai daɗi har ta wuce haka. Ganyenta yana da yatsu uku zuwa biyar, da ɗan gashi-gashi, kuma idan kuka murje shi a hannu ɗacinsa yakan daɗe bai bar yatsu ba. Ba abin mamaki ba ne, domin dangi ɗaya suke da shuwaka. Furen kuwa faɗinsa ya kai tafin hannun yaro, yana da ɗan ƙamshi mai kama da na zuma.

Ba ita ce furen rana da ake matse mai daga ƙwayarsa ba?

A'a, 'yan uwa ne dai. Furen rana na mai damina ɗaya yake yi ya mutu, kara ɗaya da babban kai ɗaya. Titoniya kuwa shekaru take yi a wuri guda, tana yin rassa da yawa daga gindi, kowane reshe da furanninsa, kuma ƙwayarta ƙanana ce ba ta da wani mai da za a matsa. Akwai wata ƙanwarta gajeriya mai fure ja-ja kamar ruwan goro, ita ma damina ɗaya take yi. Idan za ku karɓi iri a hannun mai sayar da furanni, ku tambaye shi launin furen da tsawon uwar, don kada ku shuka gajeriyar kuna jiran shinge.

Za ta yi a yanayin Zariya kuwa, da wannan dogon rani namu?

Tana yi, amma ba kamar yadda take yi a kudu ba. Ruwan da muke samu a Zariya wajen milimita 1,000 ne a shekara, kuma kusan duka tsakanin Mayu da Oktoba yake sauka. A cikin waɗannan watanni titoniya ba ta bukatar taimakon kowa, girma take yi kamar ana jan ta. Daga Nuwamba har Afrilu ne ake gane mai kula da marar kula. Hunturu yakan busar da ganyen, zafin Maris da Afrilu ya ƙone saman rassan, amma gindin da ya yi shekara yakan rayu, da saukar ruwan fari sai ya sake toho.

A ganina wannan rani da muke kuka da shi alheri ne ta wannan fuska. Shi ne linzamin da ke riƙe ta. A kudu, inda ƙasa ba ta daɗewa a bushe, ta zama ciyawar da manoma ke kuka da ita. A nan sai a fadama da bakin rafi ne take iya yin irin wannan ƙarfi, kuma na yi bayanin haka a amsar tambayar mamaye gona da ke ƙasa.

A ina ya kamata in dasa ta a cikin gida?

Inda rana ke duka tun hantsi har la'asar. A inuwar mangwaro ko dogon yaro za ta miƙe siririya tana neman haske, ta ba ku fure biyu ko uku ta kwanta. Ba ta da zaɓen ƙasa sosai, jar ƙasarmu ma tana karɓa, har wurin da ke da tsakuwa. Abin da ba ta so shi ne kwarin da ruwa ke kwana a cikinsa. Idan wurinku marmara ce a kusa, ku haƙa rami mai zurfin kamu ɗaya, ku cika da ƙasar sama haɗe da ruɓaɓɓen taki kwano biyu.

Ku ba ta fili. Idan shinge kuke so, ku bar taku ɗaya tsakanin gindi da gindi. Idan guda ɗaya ce don ado, ku bar mata taku biyu ta kowane ɓangare. Kada ku matsa ta jikin katangar ƙasa, domin ban ruwan da za ku riƙa yi mata da rani zai ci gindin katangar. Kuma kada ku sa ta dab da fangalin alayyafo ko tumatir, za ta tare musu rana ta kuma shanye musu ruwa.

Da reshe ya fi ko da iri?

Da reshe, babu ko tantama. Duk wanda ya iya dasa rogo ko shuwaka ya iya dasa titoniya. Reshen da aka dasa a farkon damina yakan yi fure a wannan shekarar, kuma kun san abin da za ku samu, tunda kun ga uwar da idonku. Iri yana da nasa amfani idan za ku kai ta wani gari mai nisa, amma yana da taurin kai, kamar yadda za ku gani a amsar tambayar irin da ya ƙi fitowa.

Yaya ake yankan reshen, yaya kuma ake dasa shi?

Ku nemi reshen da ya ƙosa, wanda fatarsa ta fara komawa ruwan ƙasa, kaurinsa kamar babban yatsa. Ɗanyen saman nan mai laushi ba ya jure rana, kwana biyu ya yanƙwane. Tsohon gindi da ya bushe ya yi rami a ciki shi ma ba ya yi. Tsakiyar reshe ita ce nama. Ku yanka da adda mai kaifi ko wuƙa, sara ɗaya, kada ku karya da hannu domin karan yana tsagewa. Kowane yanki ya kai santimita 20 zuwa 40, wato daga taƙi ɗaya zuwa kusan kamu, kuma ya kasance yana da gaɓa uku ko huɗu. A jikin gaɓoɓin nan idanun suke, daga nan saiwa da toho ke fitowa. Ku tsige ganyen duka.

Wajen dasawa, ku lura da kai da gindi, kada ku kifa shi. Dabarar da nake yi ita ce in yi wa gindin yankan karkace, saman kuma in yanke shi daidai, ko yaro na aika ya dasa ba zai ruɗe ba. Ku soka shi a ɗan kishingiɗe, gaɓa biyu a cikin ƙasa, ɗaya ko biyu a waje, sannan ku danne ƙasar da diddige don kada iska ta zauna a gindin. Idan ƙasar tana da tauri ku fara huda ramin da wani icce, kada ku tura reshen da ƙarfi fatarsa ta saluɓe. Cikin mako ɗaya zuwa biyu za ku ga idanun sun kumbura sun fito da ɗan kore. Kada murna ta sa ku tuge shi don duba saiwa, toho yakan riga saiwa fitowa.

Akwai hanyar da ta fi wannan sauƙi ga mai uwa a gida. Ku lanƙwaso wani reshe na ƙasa-ƙasa ya taɓa ƙasa, ku rufe tsakiyarsa da ƙasa ku ɗora dutse. Bayan wata guda ya yi saiwarsa, sai ku yanke shi daga jikin uwar ku kai inda kuke so. Wannan da wuya ya mutu.

Wane wata ya fi dacewa da dashe?

Daga tsakiyar Yuni zuwa ƙarshen Yuli, lokacin da ruwa ya zauna. Ruwan Mayu yana da yaudara, yakan sauka sau biyu ya ɗauke na kwana goma, reshen da bai yi saiwa ba ya bushe. Agusta kuma ruwan ya yi yawa, ƙasa ta jiƙe sharkaf. Mai rijiya ko famfo a gida zai iya farawa tun Afrilu a cikin leda, a inuwa, ko da ledar fiya wata ce aka huda gindinta, ya fitar da su fili idan damina ta kankama.

Na dasa rassa goma, biyu kawai suka kama. Me ya faru?

Ku tugo ɗaya daga cikin matattun ku duba gindin, shi zai gaya muku. Idan ya yi baƙi yana wari yana saɓulewa, ruwa ne ya yi masa yawa. Ni ma haka ta faru da ni a shekarar farko: na dasa a tsakiyar Agusta a bakin kwatar da ruwan indararo ke bi, cikin rassa goma sha biyu uku suka tsira. Maganin wannan shi ne a yi kunya kamar ta dawa a dasa a samanta. Idan kuma gindin ya bushe ƙamas babu alamar ruɓa, ko dai reshen ya kwana biyu a rana kafin a dasa, ko ƙasar ba ta dannu ba. Reshen da aka yanka yau a dasa shi yau. Idan dole sai ya kwana, a naɗe shi da jiƙaƙƙen buhu a ajiye a inuwa.

Na ukun ita ce gara, kuma a Zariya ba a raina ta. Za ku ga reshen tsaye kamar lafiya lau, kuna taɓa shi sai ya faɗi, cikinsa cike da ƙasa. Gara ta fi bin reshen da ya riga ya fara bushewa, don haka lafiyayyen reshe a jiƙaƙƙiyar ƙasa shi ne kariya ta farko. Ku barbaɗa tokar murhu a ramin, kuma kada ku zuba ɗanyen kashin shanu ko busasshen kara a gindin sabon dashe, kiran ta kuke yi.

Na shuka iri amma bai fito ba. Irin ne ya lalace?

Wataƙila lafiyarsa lau. Sabon irin titoniya barci yake yi, wanda aka tsinka yau aka shuka gobe kaɗan ne ke tsirowa. Ku tsinki kawunan da suka bushe a Disamba, ku murje su a faranti, ku sheƙe, ku zuba a takarda ku ajiye a busasshen wuri har damina. Watannin nan da ya yi a ajiye su ne ke tashe shi.

Kuskure na biyu shi ne binnewa. Ba masara ba ce. Ƙwayar ƙarama ce kuma tana son haske, don haka a yayyafa ta a saman ƙasa mai laushi, a danna da tafin hannu, a ɗan barbaɗa yashi sama-sama. Idan tsiron ya yi ganye huɗu zuwa shida sai a dasa shi da yamma.

Yaya zan yi da ita da rani? Ruwa nawa take sha?

Gindin da bai cika shekara ba yana bukatar bokiti ɗaya sau biyu a mako daga Nuwamba har ruwa ya sauka. Wanda ya girma bokiti ɗaya a mako ya ishe shi ya rayu, ko da ba zai yi kyan gani ba. Gara a ba ta ruwa mai yawa jefi-jefi da a riƙa yayyafa mata kullum, domin yayyafi saiwar sama kawai yake tarawa. Ba sai kun sayi ruwan 'yan garuwa dominta ba: ruwan alwala, na wankin shinkafa da na kayan miya duk suna yi. Na wanki mai omo da yawa ne ban yarda da shi ba.

Idan fure ya ƙare, ku sassabe ta kamar yadda na faɗa a amsa ta gaba. Gindin da aka rage wa kaya ba ya shan ruwa da yawa. Ku kwashe busassun karan ku kai murhu, kada ku bar su a jikin shinge, domin da hunturu tartsatsi ɗaya ya isa.

Ta yi tsawo har iska tana kwantar da ita. In yanke ta?

Ku yanke ta, kada ku ji tausayi. Titoniya shuka ce mai son adda. Karanta ba shi da ƙwari kamar na itace, cikinsa ɓargo ne mai laushi, kuma guguwar da ke zuwa gaban hadari ba ta barin dogon kara marar mataimaki. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: idan sabon dashe ya kai gwiwa, ku tsinke kansa da farce, zai fito da rassa uku ko huɗu. Idan waɗannan suka kai ƙugu ku sake tsinke su. Haka za ta yi faɗi ta cika, rassan suna tokare juna.

Babban sassabe sau ɗaya ne a shekara, bayan fure, wajen Disamba ko Janairu. A sare ta a bar kamar kamu ɗaya daga ƙasa. Ranar da kuka yi haka wurin zai yi muni, mutanen gida ma za su ce kun kashe ta. Ku ba ta zuwa Yuni. Ku kuma riƙa share ƙarƙashinta da damina, domin duhuwa a jikin gida maɓoyar maciji ce.

Tawa ganye kawai take yi, babu fure. Me ya sa?

Da farko ku duba kalanda. Titoniya ba ta fure sai yini ya fara gajarta, don haka a nan sai wajen ƙarshen Oktoba take buɗewa, ta yi ta yi har Disamba. Ko me kuka zuba mata a Yuli ba za ta yi fure ba. Idan lokacin ya yi kuma shiru, ɗayan uku ne: inuwa, ko takin zamani ya yi yawa musamman yuriya, ko kun ci gaba da yankan kanta har Satumba. Ni daga farkon Agusta nake ɗauke hannu daga tsinkar kai.

Jiran yana da lada. Ku fito da hantsi a watan Nuwamba, hazo ya ɗan sauka, ciyawar gari duk ta bushe, ku tsaya kusa da ita. Kafin ku ga ƙudan zuma za ku ji gunjinsu, kowanne ƙafafunsa sun yi dumu-dumu da garin fure, malam-buɗe-littafi kuma na sauka yana tashi. Mai amya a kusa zai gode muku, domin a lokacin furen daji ya fara ƙaranci.

Da gaske ne ganyenta taki ne?

Gaskiya ne, kuma a wurina wannan ya fi furen daraja. Binciken da aka yi a yammacin Kenya, inda manoman masara suka daɗe suna amfani da ita, ya nuna busasshen ganyenta yana ɗauke da kimanin kashi 3.5 cikin ɗari na naitirojin, kashi 4 na fotashiyam, da kusan kashi 0.4 na fosfaras, wato sinadarai ukun da takin zamani ke ba shuka. Ga ganye, wannan ba kaɗan ba ne. Kuma yana ruɓewa da sauri, cikin mako biyu zuwa uku ya narke a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ku yanko ɗanyen ganye da lallausan kai kafin ta yi fure, ku daddatsa, ku turbuɗe a fangali mako guda kafin dashen tumatir, tattasai ko kabeji. Wasu kuma suna cika rabin duro da ganyen, su zuba ruwa, su rufe na mako biyu suna motsawa, sannan su tace su surka da ruwa ninki biyu su yi ban ruwa da shi. Warinsa ba daɗi, a ajiye duron nesa da ɗaki.

Sai dai a san iyakarsa. Ɗanyen ganye yawancinsa ruwa ne. Buhun yuriya mai kilo 50 yana da kilo 23 na naitirojin, kafin ku sami kwatankwacin haka sai kun tara ɗanyen ganye fiye da tan 3. Don haka takin lambu ne da fangali, ba na babbar gonar masara ba. Kuma ita ba kamar wake ko gyaɗa ba ce da ke jawo naitirojin daga iska. Abin da ke cikin ƙasar da take tsaye take zuƙowa ta tara a ganye. Wurin da kuke yawan yanka, ku riƙa mayar masa da takin dabbobi lokaci-lokaci.

Awaki da tumaki suna cin ta?

Da damina, ga ciyawa ko'ina, ɗacin yakan kore su. Da rani kuwa akuyar Zariya ba ta barin kore, sabon dashe sai an kewaye shi da ƙaya ko tsohon kwando. Ganyen yana da sinadarin gina jiki sosai, a ƙasar Kolombiya ma noma ta ake yi musamman don shanu. Mai son gwadawa ya bar ganyen ya sha iska ya yi laushi, ya haɗa kaɗan da harawa ko dusa, ya riƙa ƙarawa sannu a hankali. Kada ya zama shi kaɗai ne abincin dabba.

An ce ana shan ruwan ganyenta don zazzaɓi da ciwon suga. In sha?

Ana yin haka a wurare da dama, amma ni ba na ba kowa wannan shawara. Sinadaran da ke sa ta ɗaci suna da ƙarfi, kuma gwajin da aka yi a kan dabbobi ya nuna yawansu yana taɓa hanta da ƙoda. Kasancewarta 'yar uwar shuwaka bai sa ta zama ganyen miya ba. Mai zazzaɓi ya je a gwada jininsa, mai ciwon suga ya riƙe maganin da likita ya ba shi. Masu ciki da yara kuwa ko kusa kada a ba su.

Ba za ta mamaye mini gona ko ta maƙwabci ba?

Za ta iya, kuma wannan ce tambayar da nake so kowa ya yi kafin ya karɓi reshe a hannuna. Gindi ɗaya yana zubar da dubban iri, iska da ruwa suna kwasa. Inda ta yi duhuwa babu abin da ke tsirowa a ƙarƙashinta. A kan tudu, rani yana kashe yawancin 'ya'yan da suka fito da kansu, sauran kuma fartanya ta ishe su. Amma a fadama, ko bakin kogunan Kubanni da Galma inda ƙasa ke da laima har rani, babu abin da zai tsayar da ita, kuma wuraren nan su ne abincin masu noman rani. Don Allah kada a dasa ta a can, kada kuma a zubar da yankakkun rassa a kwata ko rafi, domin kowane guntu mai gaɓa dashe ne.

A gida, abin yi ɗaya ne: da zarar fure ya yi yaushi, a yanke kan kafin ya bushe. A bar biyar ko shida idan ana son iri. Wanda ya yi sassaben Disamba a kan lokaci ya riga ya yi rabin wannan aiki.

Idan na gaji da ita, ko gindin ya tsufa, yaya zan cire ta?

Bayan shekara huɗu ko biyar za ku ga tsakiyar gindin ya zama busasshen kututture, toho sai ta gefe-gefe, furen ma ya ragu. Idan kuna son ci gaba da ita, ku yanki rassa daga jikinta a watan Yuni ku dasa a sabon wuri kamar yadda aka bayyana a sama, sannan ku cire tsohuwar. Sara kaɗai ba ya kashe ta, ƙara mata ƙarfi yake yi. Sai an haƙe kututturen da diga, kuma ya fi sauƙi bayan an yi ruwa ƙasa ta yi laushi. Saiwarta ba ta nitsewa can ƙasa kamar ta itace, mutum ɗaya zai iya tuge gindi guda kafin azahar. Ku kifa kututturen a rana, saiwa sama, ya bushe sarai kafin ya shiga murhu. A daminar da ta biyo baya ku riƙa zagaya wurin duk mako biyu kuna cire 'ya'yan da suka tsiro tun suna ganye biyu.